Hawan Dutsen Kwatarkwashi da baƙi: a je ko a haƙura?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Za a yi bikin yayana a nan Gusau cikin watan Janairu, kuma abokaina uku da muka yi jami'a tare za su zo, biyu daga Kano, ɗaya daga Jos. Na Jos ɗin yana cikin samarin nan da ke fita hawan duwatsu duk ranar Asabar, ya hau duwatsun Shere ya fi a ƙirga. Tun ranar da ya ga hoton Dutsen Kwatarkwashi ya hana ni sakat, wai ba zai bar Zamfara ba sai ya taka shi. Ni kuwa a Gusau aka haife ni, na wuce ta gindin dutsen nan a mota sau ba adadi in za ni Funtuwa, amma ƙafata ba ta taɓa hawansa ba. Shin ana hawa yanzu? Wa ake tambaya? Me ake riƙewa? Wanda ya sani ya taimaka.

Koci:
Wa alaikumus salam. Madalla da wannan tambaya ƙanena. Shekara goma sha ina koyar da wasannin motsa jiki a sakandare, kuma abin da ya fi damuna ke nan: yaranmu sun san sunan Kilimanjaro, har su gaya maka tsawonsa mita 5,895 ne, amma dutsen da ke bakin hanyarsu ba su san ta ina ake hawansa ba. Bari dattawan garin su fara magana, ni zan zo da abin da ya shafi jiki.

Baba Tsohon Hedimasta:
Ɗana, sannu da wanga tunani. Ni can anka haihe ni, gindin dutsin nan muka yi ƙuruciya, kuma har yau ɗiyan ƙannena suna noma kusa da shi. Abu na farko da nika so ka riƙe: ba a zuwa garin mutane a aje mota a kama hawa awa dutsin ba shi da masu shi. Kwatarkwashi masarauta ce, tana cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, kuma tsohon gari ne ƙwarai. Marigayi Sarki Ahmad Umar shekara 61 ya yi bisa gadon sarauta kahin Allah Ya yi mai rasuwa a 2022, kun ga ke nan wuri ne da an san girman manya. Ka samu wani babba naka ya kai ka hwada ko wurin mai unguwa, ku yi gaisuwa, ku hwaɗi abin da ya kawo ku. Su za su ce maku a hau ko kada a hau, su kuma za su haɗa ku da yaran gari da sunka san hanya.

Dutsin nan ba tulin ƙasa ba ne. Akwai wurin da za ka ga kamar hanya, ka bi ta, sai ta kai ka bakin sulɓi, gaba ba dama, baya ba dama. Zamanin kakanni, lokacin bikin Baura, samari na hawa can ƙololuwa su kamo mikiya, shi ne gwajin jarumtaka. Musulunci ya yi ƙarhi an bar abubuwan tsahi da ke tare da bikin, amma sanin hanyoyin dutsin bai ɓace ba, shina nan wurin ɗiyan gari.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Ina da kawu da ke sayen hatsi a kasuwannin wajen, zan same shi yau da dare.

Ɗan Ɗansadau:
Ku yi haƙuri, ni dai maganar nan ta tsaya mini a wuya. Shekara huɗu ke nan mahaifiyata tana zaune a ɗaki ɗaya na haya a Gusau, gonarmu ta zama daji, ba mai iya zuwa ko leƙa ta. Mutane na sayar da shanun huɗa su biya kuɗin fansa, mu kuma muna nan muna shawarar yadda za a kai baƙi yawon buɗe ido su ɗauki hoto. Dajin Kuyambana da aka keɓe don namun daji, wanda iyayenmu ke ba mu labarin abin da ke cikinsa, yau wa ke shiga? In wani abu ya sami yaran mutane, me za ka gaya wa iyayensu a Kano da Jos? Ka ba su tuwo da nama, ka kai su ɗaurin aure, ka sa su a mota su koma lafiya. Wannan ita ce shawarata.

Maman Hanifa:
Allah sarki. Allah Ya mayar da Inna ɗakinta lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Koci:
Amin. Yaya, wallahi babu wanda zai raina abin da ka faɗa, kuma ba zan ce maka babu haɗari ba. Amma bari in gaya maka abin da nake gani a makaranta. Yaran da ke aji ɗaya yanzu, tun da suka yi wayo ba su san wani abu ba sai "kada ka fita bayan gari". Ba su taɓa zuwa cin ɗinya ko kanya a daji ba, ba su san langa a dandali da farin wata ba, da yawansu ba su iya gudun zagaye fili biyu ba tare da sun zauna ba. Tsoro ya ci gonaki, ya ci kasuwanni, yanzu yana cin ƙafafun yara. Ni ban ce a shiga Kuyambana ba, wanda ya ce a shiga can bai san abin da yake faɗa ba. Amma dutsen da ke bakin babban titi, da gari a gindinsa, da mutane na kwana suna tashi a wurin, in masu garin suka ce a zo, ina ganin barinsa ma wata asara ce.

Ɗan Ɗansadau:
Koci, bakin titin ma ai an sha tare shi. Kai ma ka san hanyar Gusau zuwa Tsafe.

Koci:
Na sani. Shi ya sa na ce sai da izinin masu gari, kuma sai da rana tsaka.

Jikan Ardo:
Ina karanta ku tun ɗazu. Ɗan'uwana na Ɗansadau, ciwonka nawa ne. Mu ma rugarmu ta watse, shanun baffana an kore su a dare ɗaya, kuma duk inda muka shiga ana yi mana kallon mu ne ɓarayin. Abin da nake so in ƙara shi ne, wannan da mutanen birni ke kira yawon shaƙatawa, mu shi ne rayuwarmu ta kullum. Ina ɗan shekara tara nake bin shanu tun hantsi har faɗuwar rana. A fili kake koyon komai: inda ruwa ke kwanciya bayan damina, ciyawar da ke kumbura dabba, kukan tsuntsun da ke nuna akwai maciji kusa, yadda za ka gane hadari zai zo ko zai wuce. In ka tsaya a kan tudu da kaka, bayan an yanke gero, ka ga fili ya miƙe har inda ido ya gaza, kuka da ɗorawa da gawo a warwatse, garke na tafiya ƙura na bin sa, wallahi ƙirjinka sai ya buɗe. Ɗana na fari a cikin gari ya tashi, bai san wannan ba. Saboda haka in baƙo ya taso daga Jos don ya ga ƙasarmu daga sama, ni ba na jin haushi. Daɗi nake ji a ce har yanzu akwai mai ganin Zamfara da wani ido ban da na labaran rediyo.

Baba Tsohon Hedimasta:
Kun yi magana ta hankali ku duka. Ɗana na Ɗansadau, ba ni musun ka. Akwai satin da ko ni ba ni tahiya gida, akwai kuma satin da mutane ka kai da kawowa lahiya lau. Wanda ke zaune Gusau ba shi iya sanin wanne ne wanne, sai na cikin gari. In sunka ce kada a hau, to magana ta ƙare, a sha hura a koma.

Ɗan Ɗansadau:
To shi ke nan. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma tunda na ga da gaske kake ƙanena, ka riƙe waɗannan, don mu da abin ya shafa mun koyi darasi da tsada. Kada ka rubuta ranar tafiya a nan ko a wani zaure, mu ɗari uku da wani abu ne a nan, ba kowa ka sani ba. Kada a ɗora hoto a Facebook ko a sitatus sai kun dawo gida kun zauna. Ku tafi da mota ɗaya wadda ba ta jan ido, ba jerin gwanon motocin biki ba. Kada ku fita da duhun asuba, ku bari rana ta fito motocin haya sun fara wucewa, kuma ku tabbata kun shigo Gusau kafin la'asar. Mutum ɗaya a gida ya san inda kuke da lokacin da ya kamata ku dawo. Abokinka na Jos kuma ya bar manyan kayan hawan nan masu ƙyalli a gida, ya sa kaya irin na kowa.

Shugaban Zaure:
Wannan magana ta zama doka. Duk wanda ya rubuta rana ko lokacin tafiyar wani a nan, zan goge.

Ɗan Tudun Wada:
Na karɓa hannu biyu Yaya. Allah Ya saka da alheri.

Anti Nas:
Tunda an gama da wancan, bari in shigo da nawa, don mu ake kawo wa mutane in abu ya ɓaci. Janairu lokaci ne mai kyau ta fuskar zafi, ba kamar Maris da Afrilu ba da zafin Gusau ke haura digiri 40, dutse ya ɗauki rana har ba ka iya dafa shi da tafin hannu. Amma hunturu na da nasa sharrin. Iska a bushe take, gumi na bushewa tun kafin ka gan shi, sai mutum ya ɗauka bai rasa ruwa ba alhali jikinsa na ƙonewa. Kowa ya riƙe aƙalla lita 2 nasa na kansa, a riƙa kurɓa tun kafin a ji ƙishi. Ku sayi ƙullin gishiri da sukarin nan na kemis ko biyu ne ku jefa a jaka. Wanda ya fara jin jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, a zaunar da shi a inuwa nan take, kada a ce ya daure saura kaɗan. Mai asma ya taho da abin shaƙarsa, ƙurar hunturu ba ta da kirki. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tsaya a ƙasa.

Sai maciji. Kada a zura hannu a ramin dutse ko ƙarƙashin wani falale don neman wurin kamawa ba tare da an duba ba. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da tsakuwa, kuma dafinta na hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi da wurin cizon. In tsautsayi ya faɗa, don Allah kada a tsaga wurin da reza, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. Na ga ƙafar da ɗaurin ya lalata fiye da dafin. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a kai babban asibiti da gaggawa, can ne ake samun allurar dafi.

Baba Tsohon Hedimasta:
Ki ƙara da zuma ɗiyata. Suna yin saƙa cikin kogon dutsi. Kada a sha turare mai ƙarhi, kada a yi ihu ko jihwa kusa da su. Wanda zuma ta kora bisa dutsi, gudun shi ka kashe shi, ba harbin ba.

Koci:
Haka ne Baba. Nawa kaɗan ne. Takalmi shi ne rabin tafiyar: kambas mai ƙasan roba da ke kama dutse, wanda ƙafa ta saba da shi. Ban da silifas, ban da takalmin fata mai santsi, ban da sabon takalmin da aka saya don biki. Abokanka na Kano in ba su saba ba, su fara tafiyar minti talatin kullum tun yanzu, su riƙa hawa benen wurin aikinsu da ƙafa. A ci abu mai sauƙi kafin a hau, koko da ƙosai ya isa, a riƙe dabino da gyaɗa ko ƙuli-ƙuli. Wanda ya fi kowa rauni shi ke bin bayan ɗan jagora, ana tafiya da saurinsa, mai ƙarfi ya tsaya a ƙarshe.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne saukowa ta fi hawa haɗari. Lokacin gwiwa ta gaji, hankali ya koma gida, nauyin jiki na tura ka gaba. A wuri mai gangara sosai ka zauna ka sauko da mazaunai da hannu, ba abin kunya ba ne. Kuma da damina kada wanda ya gwada, gansakuka na fitowa a jikin dutse ya koma kamar an shafa sabulu, ga tsawa.

Maman Hanifa:
To ni tambayata, mu mata fa? Kullum in an tashi irin wannan sai a ce mu zauna mu dafa abincin 'yan dawowa. Ina da 'yan mata biyu a jami'ar tarayya ta nan Gusau, ita ma a hanyar Zariya take, kullum suna hango duwatsun wajen. Babbar ta sha ce mini tana so ta hau.

Koci:
Hajiya, babu abin da ke jikin dutse da ya san namiji ko mace. A Jos mata na hawa da hijabinsu. Dogon wando mai kauri a ciki, riga zuwa gwiwa, hijabi gajere wanda ba ya jan ƙasa don kada a taka shi ko ƙaya ta kama. Zani da doguwar abaya su ne matsala.

Baba Tsohon Hedimasta:
Uwayenmu mata sun hau shi neman itace da ganyen magani tun ba a haihi kakan Koci ba. Sai dai a halin da a ke ciki, ni ba ni ba da shawarar a tai da 'yan mata yanzu. A bari ƙura ta lahwa, kuma su tai da muharraminsu.

Maman Hanifa:
Na ji Baba. Zan ba ta haƙuri, amma ba zan ce mata har abada ba.

Ɗan Zuru:
Jama'ar Zamfara kun riƙe zaure tun safe, ku ba mu dama mu ma. Mai son duwatsu ya zo ƙasar Zuru. Kakanninmu Dakarkari a kan tuddai suka zauna saboda tsaro kafin a sauko fili, har yau in ka hau za ka ga alamun tsofaffin mazaunai. In aka dace da lokacin Uhola, bikin godiya bayan an kawar da amfanin gona, baƙo zai ga rawa da kokawa irin wadda ba a koya a makaranta. Samarinmu da golmo suke gina jiki, shekaru ana noma wa surukai kafin a ba ka mata, shi ya sa ƙasar ta yi suna da sojoji. Ga kuma Girmace inda kadoji suke. Daga Birnin Kebbi ta Jega da Koko ake bi a shigo ta Dabai. Sai dai ba zan ɓoye ba, mu ma wajen Danko-Wasagu da Sakaba mun sha wuya, don haka dokar Baba ta tambayar masu gari ta hau kanmu.

Bakabe:
Mu kuma ba mu da dutse, fadama gare mu, shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, shinkafa kore shar da rani. Amma in ana maganar wasa a fili da baƙi ke zuwa kallo, ai Argungu ce uwa. Tun 1934 ake bikin kamun kifi, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara aka kawo ƙarshen tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Mutane sun fi sanin ranar ƙarshe, da dubban masunta ke rugawa cikin gulbin Matan Fada da homa da gora a fito da giwan ruwa. A 2020 wanda ya zo na ɗaya kilo 78 ya yi. Amma ni abin da na fi so shi ne kabanci: tseren kwalekwale, nutso a ga wanda ya fi daɗewa, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu. Yaran bakin gulbi da shi suke tashi. Ko ba lokacin biki ba, baƙo zai shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, ya ga kayan yaƙi, sannan ya sauka bakin ruwa da yamma.

Abin da ya sa na kawo wannan, mu ma bikin ya tsaya kusan shekara goma kafin a dawo da shi a 2020. A shekarun nan masu masauki da masu abinci da masu kwalekwale sun ji a jikinsu. Wasa ba wasa ba ne ga wanda ke ci da shi.

Bayawuri:
Gaskiya ne. Mu ma muna da bikin wasannin ruwa na Rigata a Yawuri a kan kogin Kwara. Amma duk wanda zai sa baƙo a jirgin ruwa, a ko'ina ne, ya nemi rigar kariya tukuna, kuma ya ƙirga mutanen da ke ciki. Ba mu manta da jirgin da ya nutse wajen Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, mutane fiye da ɗari ne a ciki, kaɗan suka fita. Iya ruwa ba ya ceton mutum a tsakiyar Kwara in jirgi ya rabe.

Ɗan Tudun Wada:
Allah Ya jiƙansu. Kebbi sai wani zuwan in sha Allahu, kwana uku kawai za su yi. In an hana mu hawa, me zan nuna musu a kusa?

Koci:
Dambe mana. Ƙasar su Shago ce fa nan. Bayan kaka ne lokacinsa, ka tambayi mahauta a kasuwa za su gaya maka inda ake yi da yamma. Ka zaunar da su kusa da makaɗa, ka bayyana musu yadda ake naɗe hannu da zare, da turmi uku da ake yi, da abin da ake nufi da kisa, wato a kai mutum ƙasa, da ɓangarorin Arewa da Kudu da Guramaɗa. Ko kuma ka nemi mai doki a unguwarku a yi musu kilisa a bayan gari inda aka riga aka kwashe kara. Wanda bai taɓa hawa ba a riƙe masa linzami.

Baba Tsohon Hedimasta:
Abu guda ya rage, kuma shi ya hi yi min ciwo. Yaran da za su kai ku, ku biya su da mutunci. Ku yi ciniki tun ƙasa, kada a sauko a miƙa ma yaro canjin da ya rage aljihu. Ya bar aikin gona ko kiwo ya ba ku rabin yini. Ku sayi hura da gyaɗa cikin gari, kada ku kwaso komi daga Gusau. Ledar ruwa da robar lemo duk ku dawo da su, akuyoyin mutane na ci su mutu. Kada a rubuta suna da henti jikin dutsi. Kuma kada a ɗauki hoton matan mutane ko cikin gidajensu daga bisa.

Ɗan Tudun Wada:
In sha Allahu Baba. Zan dawo da bayani.

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Jama'a an yi biki lafiya, baƙi sun koma gida jiya, yanzu zan iya magana. Kawuna ya kai mu wurin wani dattijo a garin, muka yi gaisuwa. Ya ce mu hau, amma ba har ƙololuwa ba, akwai wata kafaɗar dutse da ke fuskantar gari, nan za mu tsaya, kuma mu sauko kafin azahar. Abokina na Jos ya so ya roƙa a ƙara mana, kawu ya dube shi, ya yi shiru. Aka haɗa mu da samari biyu, ɗaya ma da silifas ya zo, amma yana tafiya a kan dutsen kamar a tsakar ɗakinsu.

Hawan ya fi yadda na zata wuya. Tun ba a yi nisa ba cinyoyina suka fara rawa, ɗaya daga cikin na Kano ya ji jiri, muka zaunar da shi a inuwar wani dutse muka haɗa masa ruwan gishiri da sukarin da Anti ta ce, ya huta ya ci dabino, sannan muka ci gaba a hankali. Wuri ɗaya yaran suka sa muka yi shiru muka zagaya ta gefe, sai da muka wuce suka nuna mana zuma na shiga da fita a wata tsaga. Da mu kaɗai ne da kai tsaye za mu bi ta wurin.

Da muka isa, ban san yadda zan faɗa muku ba. Garin gaba ɗaya yana ƙasanmu, rufin kwano da na ƙasa, rumbuna a tsakar gidaje, hayaƙin girki na tashi. Titin Funtuwa ya zama kamar zare, tireloli na rarrafe a kai. Bayan gari kuma gonaki ne fayau an girbe, kukoki tsaye babu ganye, wani garke can nesa. Manyan tsuntsaye na shawagi, wasu ma a ƙasa da inda muke tsaye. Na tuna maganar Jikan Ardo. Shekara ashirin da bakwai ina ƙasar nan ban taɓa ganinta haka ba. Abokina na Jos ya ce dutsen ya fi nasu santsi, kuma a can ba ka samun fili ya buɗe maka haka ta ko'ina. Mun sauko da jaka cike da ledojin da muka tsinta a hanya, mun biya yaran yadda muka yi da su har da ƙari, mun sha fura a gari, ƙarfe biyu muna Gusau. Da yamma na kai su dambe.

Anti Nas:
Alhamdu lillahi. Wanda ya ji jirin ya ci gaba da shan ruwa sosai kwana biyu.

Baba Tsohon Hedimasta:
Madalla ɗana. Labari ya iso min tun shekaranjiya, an ce kun yi ladabi.

Ɗan Ɗansadau:
Barka da dawowa ƙanena, tun ranar bikin nake duba waya. Ina da tambaya. Daga inda kuka tsaya ana hango kudu maso yamma? Ta can garinmu yake. Na san ba za a ga garin ba, da nisa ƙwarai, amma in ka ɗauki hoton wajen ka turo mini in nuna wa Inna.

Ɗan Tudun Wada:
Yaya, na ɗauka ta kowane ɓangare da ake iya gani, amma hazo ya rufe nesa, gonakin kusa kawai suka fito. Na turo maka guda huɗu ta akwatinka yanzu. Yaran sun ce in ana son ganin nesa sosai sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, ƙura ba ta taso ba. Na karɓi lambar ɗayansu. In Allah Ya kai mu kuma dattawan garin suka yarda, zan koma in ɗauko maka.